Ƙaramin jirgin da ke gidan tarihi na Jos: abin da ya kamata ɗalibi ya gani a jikinsa

Wata malama da ke koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a Zariya ta aiko da tambaya. Ta ce bara ta kai ɗalibanta gidan tarihi na Jos, suka tsaya gaban tsofaffin kayan jirgin ƙasa da aka ajiye a harabar, yara suka yi mamakin ƙanƙantarsu, suka ɗauki hotuna, kafin minti goma sun wuce gidan namun daji. Bana za ta sake kai wani aji, tana so ta san dalilin da ya sa jirgin yake ƙarami haka, da dalilin da ya sa ake laƙaba masa sunan Bauchi, da kuma yadda za ta yi yaran su amfana da abin da suka gani.

Malama, Allah ya saka da alheri a kan wannan ƙoƙari, domin ba kowane malami ne yake ɗaukar ɗawainiyar fita da yara har Jos ba. Na daɗe ina aikin tsara kayan tarihi da rubuta bayanan da ake kafawa a gefensu, kuma abin da kika gani a wurin ɗalibanki na sha ganinsa a wurin manya. Ƙarfe ba ya magana sai an san tambayar da za a yi masa. Shawarata ta farko ita ce ki tafi da igiyar awo, domin amsar tambayarki ta farko tana cikin tazarar da ke tsakanin ƙafafun jirgin na dama da na hagu.

Idan yara suka auna tsakanin kwangiri da kwangiri za su sami ƙafa 2 da inci 6, wato milimita 762. Babban layin da ya taso daga Legas ya bi ta Zariya zuwa Kano faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067, shi kuwa sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa milimita 1,435 ne. Ki yanka igiya uku daidai da waɗannan tsawo, ki shimfiɗa su a ƙasa gefe da gefe, sannan ki tambayi yaran dalilin da zai sa gwamnati ɗaya, a ƙasa ɗaya, ta shimfiɗa layi mai faɗi daga Baro, a bakin kogin Neja, zuwa Kano, sannan ta koma ta shimfiɗa matsattse daga Zariya zuwa Jos a cikin shekarun da ba su wuce biyar ba.

Dalilin kuwa kuɗi ne da gaggawa. Matsattsen layi yana ɗaukar kwangiri marar nauyi, da gajerun matasai a ƙarƙashinsa, da ƙananan gadoji, kuma yana iya yin kwana mai tsanani, saboda haka maimakon a fasa dutse ko a cike kwari sai a zagaye su. Wannan yana da muhimmanci ga hanyar da za ta tashi daga Zariya, wadda tsayinta daga teku bai kai mita 700 ba, ta hau tsaunin Jos da ya kai kimanin mita 1,200. Har ma ba sabbin kaya aka fara aikin da su duka ba, domin akwai wani ɗan gajeren layi mai irin wannan faɗi da gwamnatin Lugga ta shimfiɗa tun farkon shekarun 1900 tsakanin Zungeru da gaɓar kogin Kaduna, wanda amfaninsa ya ƙare da zuwan babban layi, aka kwashe kayansa aka ƙara a aikin Jos. An fara shimfiɗawa a 1911, jirgi ya isa Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukur a 1914, tafiyar kusan kilomita 230 ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Rahama da Jengre. Ina ganin ya dace ki karanta wa ɗalibanki waɗannan sunaye tun kafin ku tashi daga Zariya, domin wasunsu garuruwan iyayensu ne, kuma yaro ya fi kula da tarihin da ya ratsa ta garinsu.

Gaggawar kuma ta kuza ce. Mutanen wannan yanki sun san kuza tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Ririwai suna narka ta suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake suna saye suna kaiwa kasuwanni. Ganin waɗannan tsinkaye ne ya sa kamfanin cinikin Turawa mai suna Niger Company ya aiko da masu bincike su nemo tushensu a farkon shekarun 1900, kuma zuwa 1910 kasuwar hannun jari ta Landan ta cika da kamfanonin da ke neman filin haƙa a tsaunin. Matsalarsu ita ce fitar da kaya. A farkon lamari a ka ake ɗaukar kuza, 'yan dako su yi kwanaki suna tafiya har Loko a bakin kogin Binuwai, daga nan a zuba a jirgin ruwa, sannan injuna da kayan aikin da ake kawowa daga Ingila su ma a ka suke hawa tsaunin. Da babban layi ya iso yankin Kaduna sai aka koma kai kayan Rigachikun, amma duk da haka tafiya ce mai nisa da tsada. Masu ma'adinai suka matsa wa gwamnati, gwamnati kuma ta ba su layi mafi arha da za a iya gamawa da wuri.

Sunan Bauchi ya samo asali daga tsarin mulkin wancan lokaci. Jos da kewayenta suna cikin lardin Bauchi ne a lokacin da aka yi aikin, Turawa kuma suna kiran tsaunin gaba ɗaya da sunan Bauchi, sai a 1926 aka yanke lardin Filato daban. Wannan ƙaramin layi bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Birnin Yakubu bai ga jirgin ƙasa ba sai a farkon shekarun 1960, lokacin da aka ja layin Barno daga Kuru ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964. Wannan kaɗai darasi ne mai kyau ga ɗalibi, domin yana nuna masa cewa garin sarauta mai tsohon tarihi ya jira kusan shekara hamsin, alhali sansanin haƙar ma'adinai ya sami jirgi tun 1914. Inda kayan fitarwa suke, nan layi yake nufa.

Arhar nan tana da farashinta, kuma a Zariya ake biyansa. Tarago mai faɗin milimita 762 ba ya hawa layi mai faɗin 1,067, saboda haka duk buhun kuzar da ya sauko daga Jos sai an sauke shi a tashar Zariya an sake loda shi a babban jirgi, haka nan duk wani inji ko kwal da zai hau tsaunin. Lokaci yana tafiya, kaya suna lalacewa, ana biyan leburori sau biyu. Shi ya sa da layin gabas, wanda aka fara daga Fatakwal a 1913 saboda kwal ɗin Inugu, ya ratso ta Makurdi ya iso Kafanchan, aka ja masa reshe mai cikakken faɗi zuwa Jos a 1927, sai babban cinikin ƙaramin layi ya tafi. Kuza ta koma bin hanyar Fatakwal kai tsaye ba saukewa, kwal kuma yana hawowa ta wannan hanya. Ƙaramin jirgi ya ci gaba da jigilar fasinja da amfanin gona na shekara talatin, motocin lori suna ƙara ƙwace masa ciniki, har aka rufe shi a 1957. Idan wani yaro ya tambaye ki abin da ya sa tsohon jirgin Kano ba zai iya wucewa Abuja ta tashar Rigasa da ke Kaduna ba, to ki nuna masa igiyoyin nan uku, domin matsalar da aka sha a Zariya a 1914 ita ce dai take nan da wani sabon awo.

Akwai wata alaƙa da na fi so a nuna wa yara, wadda baƙi da yawa suke wucewa ba su lura da ita ba. Gidan tarihin kansa da jirgin da ke harabarsa asalinsu ɗaya ne. Masu haƙar kuza ne suka riƙa tono kawunan mutum-mutumi na yumɓu a cikin ƙasa, na farko a kusa da ƙauyen Nok a 1928, kuma a farkon shekarun 1940 wani jami'in mulki da ya karanta ilimin tone-tonen tarihi, Bernard Fagg, ya ga wani kai da aka samo a yankin Jama'a, ya gane cewa dangin na Nok ne. Ya roƙi masu ma'adinai su riƙa ajiye duk abin da suka tono, tarin ya yi yawa, har aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Saboda haka ki fara da ɗalibanki daga ɗakin kayan Nok, ki wuce da su wurin da aka nuna aikin kuza, sannan ku ƙare a gaban jirgi. Idan kuka bi wannan tsari yaro zai ga cewa ramin da ya fito da fasahar kakanninmu ta fiye da shekara dubu biyu shi ne ramin da ya cika taragan nan da dukiyar da aka yi waje da ita.

Game da kan jirgin kansa, kada ki bari su tsaya daga nesa. A jikin kowane kan jirgi mai tururi akan kafa ɗan allon tagulla ko na ƙarfe mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera shi, da gari, da lamba, da shekara, kuma mafi yawan waɗanda suka yi aiki a Najeriya an ƙera su ne a biranen Birtaniya irin su Lidis da Gilasgo da Manchesta. Idan allon yana nan, su kwafe abin da ke jikinsa. Sannan su bi hanyar wuta da ruwa da idonsu: ga murhun da ake zuba kwal, ga doguwar tukunyar da bututu masu zafi suke ratsawa su tafasa ruwa, ga inda tururi yake shiga ya tura sanda gaba da baya, sandar kuma ta juya ƙafafu. Daga nan tambayoyi za su fito da kansu. A ina ake samun ruwa da rani a tsakanin Soba da Kudaru? Wa yake tsayawa gaban wutar nan da shebur a zafin bazara? Daga ina kwal yake zuwa kafin layin Inugu ya fara aiki a 1916? Amsar ta ƙarshe ita ce daga Birtaniya ake kawo shi ta teku, kuma wannan yana nuna wa ɗalibi dalilin da ya sa gano kwal a Udi, kusa da Inugu, a 1909 ya sa aka gina sabuwar tashar jiragen ruwa a Fatakwal da sabon layi sukutum. Idan akwai taragon fasinja, su duba kujeru da tagogi, ki gaya musu cewa jirgin wancan zamani hawa uku ne, faskila ta manyan Turawa da masu hali, na biyu na ma'aikata da 'yan kasuwa, na uku mai bencin katako na talakawa.

Sai dai in faɗa miki gaskiyar abin da yake damuna game da yadda muke nuna tarihin jirgin ƙasa, a nan gida da ma wasu ƙasashe. Mun iya ajiye inji, mun iya rubuta sunan gwamna da na injiniya, amma waɗanda suka haƙa ƙasar ba mu cika ba su ko layi ɗaya ba. Kowa zai iya samun sunan Girouard, injiniyan soja ɗan asalin Kanada da ya yi aikin layin dogo a Sudan kafin a kawo shi ya shugabanci Arewa a 1907, da sunan Eaglesome da ya jagoranci aikin Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911 aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Dubban Nufawa da Gbagyi da Hausawa da suka yi aikin diga a kan wannan layi kuwa ta hannun sarakuna da hakimai aka tattaro su, ana yanka wa kowace gunduma adadin da za ta kawo, mutum ya bar gonarsa ya yi makonni a daji ko yana so ko ba ya so. Ana biyansu da tsabar kuɗin Turawa, kuma wannan biya yana cikin hanyoyin da sule da sisi suka shiga ƙauyuka suka fara ture wuri, sannan suka koma hannun gwamnati ta hanyar haraji. A tsaunin Jos abin ya ƙara muni a lokacin yaƙin duniya na biyu, domin da Japan ta kame Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai aka shiga kwaso mutane daga lardunan Arewa da ƙarfi zuwa ramuka har zuwa 1944. Wannan shi ne abin da tsofaffi suke kira diban gwamna, kuma mutane da yawa sun mutu a cikinsa saboda sanyin tsauni da cuta da ƙarancin abinci. Yaron da ya tsaya gaban tarago bai ji wannan ba, rabin labari ya ji.

Ba ina cewa a mayar da ziyarar zaman makoki ba. Jirgin ƙasa ya buɗe ƙofofin da waɗanda suka kawo shi ba su yi tsammani ba, kuma ya kamata yara su ji wannan ma. Turawa sun ja layi zuwa Kano da fatan auduga ga masaƙun Lankasha da ke Ingila, amma manoma da attajiran Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa tun daga kakar 1912, har tashar Kano ta kasa kwashe abin da aka kawo, kuma daga wannan ciniki ne irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa, dalar gyaɗa ta zama alamar birnin. Kaduna da Kafanchan da Minna jirgi ne ya raya su, Sabon Garin Zariya da na Kano kuma ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar da suka biyo layi ne suka cika su. Ma'aikatan jirgi ne ƙashin bayan babban yajin aikin 1945, ƙarƙashin jagorancin Michael Imoudu, wanda ya tsayar da ƙasar fiye da kwana arba'in. Ko harshenmu ya ɗauki rabonsa, domin reluwe da tasha da diga da lebura da heluma duk ta wannan hanya suka zauna a bakin Bahaushe, kuma makarantu da yawa har gobe guntun kwangiri suke bugawa a madadin ƙararrawa.

Abin da gidan tarihi bai ba ki ba, ke kina da hanyar samunsa, domin a Zariya kike. Garin yana ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin jirgin ƙasa a Arewa, daga nan layin Gusau da Kaura Namoda ya rabu a 1929, kuma akwai tsofaffin direbobi da masu gyara da masu kula da tasha da suka yi ritaya a nan. Wanda ya hau ƙaramin jirgin yana ɗan shekara goma a shekararsa ta ƙarshe yanzu ya doshi tamanin, saboda haka lokacin da ya rage na jin bakin shaidu ba shi da yawa. Ki raba ɗalibai biyu-biyu kafin tafiya, kowane rukuni ya nemi dattijo ɗaya, su gaishe shi yadda ya dace, su nemi izininsa kafin su ɗauki murya, su tambaye shi abubuwa ƙanana: nawa ne kuɗin tikiti, me ake sayarwa a tashar Rahama, awa nawa ake yi a hanya, me ake yi idan jirgi ya kasa hawa tudu. Tsohon ma'aikaci zai iya bayyana musu yadda ake hana jirage biyu karo a kan layi ɗaya, inda direba ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai an miƙa masa wata sandar ƙarfe da aka zaro daga na'ura, na'urorin tashoshin biyu kuma a haɗe suke da waya ta yadda ba za a iya zaro ta biyu ba sai an mayar da ta farko. Idan kina son takardu, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana da rahotannin larduna na wancan zamani, kuma idan wata rana hanya ta kai ki Legas, akwai Gidan Jaekel a harabar reluwe ta Ebute Metta, ginin 1898 da aka mayar ƙaramin gidan tarihi mai hotuna da kayan aikin ma'aikata.

Sauran magana ta kiyaye kayan ce da lafiyar yara. Kada ki bar su su hau kan jirgi ko su shiga murhunsa, ko da babu wanda ya hana. Ƙarfen da ya shekara fiye da sittin bai yi aiki ba yakan ruɓe daga ciki, fenti yana rufe da shi, kuma tsofaffin tukwanen tururi da yawa an naɗe su da wani farin abu mai kama da auduga da ake kira asbesto, wanda ƙurarsa take illa ga huhu. Na taɓa ganin wani tarago a wani wuri da aka shafe shi da sabon fenti saboda zuwan manyan baƙi, aka rufe lambarsa da rubutun da ke jikinsa gaba ɗaya, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, domin wannan lamba ita kaɗai ce za ta haɗa shi da takardun da ke ɗauke da tarihinsa. Abin da irin waɗannan kaya suka fi buƙata shi ne rumfa da za ta tare ruwan sama, da magudanar da za ta hana ruwa kwanciya a ƙarƙashinsu, da rajista mai hoto. Ɗalibanki za su iya taimakawa a na ƙarshe. Kowa ya zana abu ɗaya, ya auna shi, ya kwafe duk rubutun da ke jikinsa, ku haɗa da abin da dattawan Zariya suka faɗa, ku buga kwafi biyu, ɗaya ya zauna a laburaren makarantarku, ɗaya kuma ki miƙa wa jami'in ilimi na gidan tarihin. Ki rubuta musu tun mako biyu kafin zuwanku, ki faɗi yawan yaran da abin da kike so su gani, ki kuma roƙi a ba ku aƙalla awa guda a wurin jirgin kafin a wuce gidan namun daji.